Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

A farkon shekarar karatun bana wani uba ya same ni a bakin aji, a makarantar da nake koyarwa kusa da Tanut, ransa a ɓace. Ya ce, "Mushe, ka taimake ni da yaron nan. Daga an sallame asuba sai gudu, kamar wanda kura ta biyo. Da la'asar kuma yana can bisa tudu shi da abokansa. Na yi faɗa, na yi duka, duk a banza." Na tambaye shi ko yaron yana fashin lakol, ko an taɓa kama shi da ɗauke-ɗauke. Ya ce a'a. Na ce, "To Malam, ina laifinsa?"

Na san abin da iyaye ke tsoro, kuma ba su yi kuskure ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Damargu. Akwai maciji da kunama a ƙarƙashin duwatsu, kuma wanda ya karye a daji nesa da likita ya sha wuya. Amma hani kaɗai ba ya maganin wannan. Yaron da aka hana da rana tsaka, a ɓoye zai fita, ba ruwa a hannu, ba wanda ya san inda ya nufa.

Ga babban abin da ke damuna. Hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut ta bi. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, mun ga yadda samari ke barin aji su yi arewa, wasu har Libiya ko Aljeriya. Talauci ne kan gaba, ban musa ba. Sai dai na lura cewa masu zafin jini, masu son ganin abin da ke bayan tudu, su ne ke fara tafiya. In ba mu ba wannan kuzari wurin zuwa ba, babbar mota za ta ba shi.

Wasu ƙasashe sun gane haka. Haile Gebrselassie na Habasha ɗan manomi ne da ke gudun kilomita 10 zuwa makaranta, ya zo ya ci zinariya a gasar Olamfik ta 1996 da ta 2000. Mu ma a Nijar, Issaka Dabore ya kawo tagulla a dambe a 1972, Abdul Razak Alfaga ya kawo azurfa a taikwando a 2016. Ɗan makiyayin Belbeji da ke bin dabbobi yini guda a kwarin Tarka ba juriya ya rasa ba, mai jagora ya rasa.

Ba na cewa kowane yaro zai zama zakara. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Iyaye, a sa doka maimakon bulala: gudu da sanyin safiya, da takalmi da buta cike da ruwa; hawan tudu a cikin jama'a, da sanin babba, a dawo kafin magariba. Malamai ƴan'uwana, mu daina mayar da awar motsa jiki lokacin hutunmu. Filin tsere bai buƙatar komai sai igiyar awo da duwatsun shaida. A ware wa ƴan mata nasu lokaci, da malama a tare da su.

Ni da uban nan mun yi yarjejeniya da yaron: ya yi gudunsa, amma ranar da makinsa ya faɗi, tudu ya haramta. Yanzu shi ke auna fili, shi ke jera ƙananan yara a layi. Ban san ko zai kai filin wasa na Yamai ba. Abin da na sani, har yau yana cikin ajina.