Laifin Me Kaftani Ya Yi?

Ɗaliban da kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da kwalejin aikin gona ta Bakura ke yayewa, shawara ɗaya ce ke jiransu a intanet: in za ka intabiyu, sa farar shat, ɗaura nektai, ɗora kwat. Don sanyin Landan aka tsara wannan shawara. A Zamfara kuwa, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40.

Sai matashi ya ari kwat da ta yi masa yawa, ko ya ci bashi ya sayo ta gwanjo. Ya isa Gusau sharkaf da gumi, hankalinsa na kan abin da ya shaƙe masa wuya, tambayoyi na wuce shi.

Garuruwan yankin nan uku sun fitar da gwamnoni: Ahmad Sani na Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara a 2011, Bello Matawalle na Maradun a 2019. Cikin babbar riga da kaftani suka yi mulki. Tufar da ta isa a rattaba hannu kan kasafin kuɗin jiha, ta yaya za ta gaza wajen neman aikin akawu?

Ma'aikatar da ke da ƙa'idar sutura, kamar banki, ta bayyana a takardar gayyata. In babu, kaftani wankakke, gogagge, daidai jiki, da hula, ya wadatar.

Ku kuma masu tantancewa, kada ku sauke kwat ku ɗora tsadar shadda a ma'auninku. Ɗan manomin Bakolori mai yadi mai araha ya cancanci a saurare shi. Gezna ba ta taɓa daidaita lissafin ofis ba.