Sanyin hunturu, ruwan kwata da lafiyar rijiyar gidanka

Yau za mu duba wasu ma'aikata da ido ba ya gani, waɗanda ke tace mana ƙazamin ruwa kafin ya kai ga rijiya.

Ruwan da ke fita daga masai da makewayi yana ɗauke da sinadarin naitirojin, haka ma takin zamanin da ake zubawa a gonakin masara da citta a Kudancin Kaduna. Idan ruwan ya ratsa fadama mai kachala, ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a saiwoyi da laka sukan yi masa aiki hawa biyu. Wasu su mayar da amoniya ta zama naitiret, wasu kuma can ƙasa, inda iska ba ta shiga, su mayar da naitiret ɗin iskar gas ta tashi sama. Wannan hikima aka soma kwaikwayo a Jamus tun shekarun 1950, har ta kai ga fadamar da mutum ke ginawa: rami mai tsakuwa da aka dasa wa ciyayin ruwa.

Sai dai ƙwayoyin nan masu son ɗumi ne. Sun fi kuzari idan zafin ruwan yana tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Ya sauka ƙasa da 15, sai aiki ya yi sanyi. Ƙasa da 10 kuwa, sai abin da ba a rasa ba. A Turai wannan babbar matsala ce. Mu a nan yanayi ya fi yi mana rana, amma duk mazaunin Kafanchan ko gindin dutsen Kagoro ya san sanyin asubahin Disamba da Janairu. A lokacin tacewar kan ja da baya, ga shi babu ruwan sama da zai tsinka ƙazantar.

Me ya shafi iyalinka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitiret ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida sun fi shiga haɗari, domin yana hana jininsu ɗaukar iska, har leɓɓa su yi shuɗi. Kuma ki sani, uwargida, tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire naitiret, sai ma ya ƙara tattara shi.

Don haka a bar jariri a kan nono zalla har wata shida. A nisanta rijiya da masai da aƙalla mita 30, kuma rijiyar ta kasance ta wajen tudu. Mai gina irin wannan fadama ya yalwata ta, don ruwa ya daɗe a ciki lokacin sanyi, ya kuma bar ruwan a ƙarƙashin tsakuwa saboda sauro. Abin da ta tace na ban-ruwan itatuwa ne, ba na sha ba. In aka ga leɓɓan jariri sun canza launi, a garzaya asibiti.