"Kaya Sun Fita Ba a Dawowa": Wannan Magana Ba Doka Ba Ce

A wurin malamin firamare na ƙaramar hukumar Shagari, babur shi ne ƙafa. Da shi ake isa Kajiji da Lambara da Horo Birni da Dandin Mahe kafin a buga ƙararrawar safe, da shi ake kai mai ciki asibiti cikin dare, da shi ake ɗauko buhun gero ranar kasuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tanada naira 70,000 ne. Shi ya sa akasarinmu sai ta hanyar bashi muke mallakarsa, ana zarar kuɗin daga albashi wata bayan wata. Abin da aka saya da irin wannan gumi, idan ya zo da aibi, bai kamata a sallami mai shi da kalmar "haƙuri" ba.

Amma da ita ake sallamarmu. Babur bai cika wata biyu ba inji ya soma shan baƙin mai, ko giya ta riƙa zamewa, ko batir ya ƙi riƙe wuta. Malami ya tura shi har birnin Sakkwato wurin dillali, a nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit: kaya sun fita ba a dawowa. In ya matsa, a ce laifin hanya ne, ko gurɓataccen mai, ko lodi ya yi yawa. In ya ambaci garanti, a ce wannan tsakaninsa da kamfani ne, kamfanin kuwa yana Legas, uwarsa tana Indiya ko Sin. Ya dawo gida da matacciyar dukiya, albashi na ci gaba da raguwa, mai duba makarantu kuma na jiransa da takardar tuhuma saboda latti. Yaran ajinsa su ne na ƙarshe da ke biyan wannan asara.

To, mu sani cewa rubutun nan na ƙasan rasit ba shi da ƙarfin da ake ba shi. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Dokar ta ba kowane mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda suka dace da aikin da aka yi su dominsa. Ta kuma tanadi cewa cikin wata 3 da karɓar kaya, idan suka gaza wannan mizani, mai saye na iya mayar da su ga wanda ya sayar masa ba tare da tara ba, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Wannan haƙƙi yana nan ko da dillali bai ba da takardar garanti ba. Garantin kamfani ƙari ne a kansa.

Kuma kada wani ya ce mana wannan baƙon tunani ne na Turawa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san hukuncin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. A ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantar da mutane adalci cikin mu'amala, abin kunya ne a riƙa kiran neman haƙƙi rashin tawakkali. Haƙuri a kan ƙaddara daban, sakar wa mai ha'inci wuya daban.

Hujjar hanya ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Masu shigo da baburan nan sun san irin hanyoyinmu, da yashinsu da kwazazzabansu, kuma da juriya a kansu suke talla. Mun yarda taya da sarƙa da birki da fulogi abubuwa ne masu cinyewa da aiki, ba mai neman a biya shi su. Amma inji da ya buga kafin sabis na biyu, wannan daga masana'anta ya fito da ciwonsa.

Abin da dillali ya dogara da shi guda ne: ƙorafin baki iska ke tafiya da shi. Saboda haka makaminmu shi ne wanda muke koya wa yara kullum, wato rubutu. Ranar saye a karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar inji da lambar shasi, tare da littafin garanti mai hatimi. Iyalanmu su adana su inda ake adana takardun gona. A yi sabis a kan lokaci a wurin da kamfani ya amince, a sa hannu a littafin. Da aibi ya bayyana, kada a bari bakanike na bakin hanya ya buɗe inji, domin wannan ita ce ƙofar da suke jira su soke garanti. A ɗauki hoto da bidiyo da waya, har da adadin kilomitar da mita ta nuna.

Sa'an nan a rubuta takarda ga dillali, shafi ɗaya, ba zagi ba magiya. A faɗi ranar saye, da lambobin babur, da abin da ya lalace, da ranar da ya soma. A faɗi abin da ake nema ƙarara: gyara, canji, ko kuɗi. A ba da wa'adin kwana 14. A haɗa kofen rasit, na asali ya zauna gida. A sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kan kofe, a aika wani ga wakilin kamfani a Nijeriya, wani ga sakataren reshe. In wa'adi ya cika shiru, a shigar da ƙara a FCCPC ta shafinta na intanet, ko a kai ofishin Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da ke Sakkwato. Ƙofar kotu kuma a buɗe take.

Ga shugabannin reshe da na ƙungiyoyin adashen malamai muna da magana kai-tsaye. Wanda ya je sayen babur ɗaya roƙo yake yi, wanda ya je sayen hamsin shi ke gindaya sharaɗi. Kada a sake sa hannu a kan wata yarjejeniyar babura ta bashi sai an rubuta tsawon garanti da abin da ya ƙunsa, an ambaci bakaniken da aka amince da shi a Shagari ko Boɗinga, an kuma yarda cewa za a dakatar da zarar kuɗi muddin babur yana kwance saboda aibin masana'anta. A buɗe rajista a ofishin reshe, kowa ya rubuta matsalar nasa. Idan mutum goma suka zo da ciwo iri ɗaya a samfuri ɗaya, a haɗa su cikin takarda guda bisa kan wasiƙar ƙungiya. Tsintsiya ɗaure take shara.

An kafa NUT a 1931 domin malami ya daina fuskantar mai ƙarfi shi kaɗai. Garin nan kuma ya haifi malamin makaranta, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Magadan allinsa ba za su gagara rubuta shafi ɗaya don kare guminsu ba. Duk mai babur da ke kwance a zaure, ya zo taron reshe na gaba da rasit ɗinsa a hannu.