Kafin Ka Watsa Fom a WhatsApp, Ka San Iyakarsa

Yanzu duk mai son tattara sunayen 'yan ƙungiya, ko masu neman horo, ko masu odar kaya, sai ya haɗa fom a intanet ya watsa a WhatsApp. Kaɗan ne ke tsayawa su duba amsa nawa fom ɗin zai iya ɗauka.

Jotform na kyauta amsa 100 yake karɓa a wata. Microsoft Forms kuwa, idan asusunka na kyauta ne, 200 ce iyakar kowane fom. Idan mutum 500 suka zo cikewa, waɗanda aka rufe wa ƙofa ba manhajar za su zarga ba, kai za su ce ka yi son kai.

A ganina, Google Forms ya fi dacewa da yawancinmu, domin amsoshi na zuba kai tsaye cikin Google Sheets. Sai dai idan ka nemi a ɗora hoto ko takardar shaida, dole mai cikewa ya shiga da asusun Google. Fayilolin kuma cikin 15GB ɗinka suke ci, wanda Gmail ma yake amfani da shi. Ya cika, imel ya daina shigowa.

PDF da ake cikewa ka bar shi, sai dai in mutanen ba su da yawa. Kowa zai maido maka nasa daban, kai kuma ka kwana kana kwafe.

Inda sabis ke wahala, KoboToolbox na aiki ba intanet, ya tura daga baya.

Ka ƙiyasta masu cikewa tukuna, sannan ka zaɓi manhaja.