Fim ɗin Damagaram ya zaga duniya, ƴan Damagaram a ina za su gan shi?

A shekarar 2021 Aïcha Macky, ƴar asalin Damagaram, ta fitar da fim mai suna "Zinder". Ta shiga da kyamara unguwar Kara-Kara, inda tun da daɗewa aka ware kutare da waɗanda gari ya juya wa baya, ta zauna da matasan "palais" ta bar su suka faɗi nasu da bakinsu: masu ɗaga ƙarfe, masu safarar mai daga kan iyaka, matan da ke ɗauke da tabon wuƙa. Da Hausa ake magana a fim ɗin. An nuna shi a bikin Visions du Réel a Suwizilan, an nuna shi a FESPACO a Wagadugu, tashar Arte ma ta haska shi.

To, matashin da ke zaune a fada a Birni ko Zengou, in ya ce yau Asabar yana son ya ga wannan fim a babban allo, ina zai nufa? Babu inda zai nufa. Birni na biyu ko na uku mafi girma a ƙasa ba shi da gidan siliman da ke da jadawali, wanda mutum zai san ranar kaza, ƙarfe kaza, akwai fim. Ɗan Damagaram da ke ci-rani a Faransa ya fi wanda ya rage a gida damar ganin unguwarsu a majigi.

Kuma ba wai Nijar baƙuwa ce a wannan harka ba. Moustapha Alassane ya yi "Aouré" tun 1962, ya kuma zama ɗaya daga cikin na farko a zanen motsi a Afirka, ya shafe shekaru yana aiki daga Tawa. Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar kyautar Étalon de Yennenga a 1972 da "Le Wazzou polygame". A 2024 aka sauya wa tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai suna zuwa na Moustapha Alassane. Karramawa ce da ta dace. Sai dai a tambayi ɗaliban Jami'ar André Salifou nawa ne a cikinsu suka taɓa ganin ko da fim ɗaya nasa.

Za a ce ai kowa na da salula, gidajen kallo kuma cike suke. Gaskiya ne, cike suke da ƙwallon Turai, da fassarar Indiya-Hausa, da Kannywood, kuma babu laifi a cikin hakan. Mai gidan kallo kasuwa yake yi, abin da zai tara jama'a shi zai saka. Amma fim irin na Sani Magori a kan manoman albasar Galmi, ko na Malam Saguirou a kan mahautan Damagaram, ba ya yawo a katin memori, kuma ba a yi shi don a kalla a tafin hannu ana duba WhatsApp ba. Armashinsa shi ne a kalle shi a taro, a kunna fitila, gardama ta kaure. Fim ɗin da ya taɓo rashin aikin yi ko rashin haihuwa, kamar "L'arbre sans fruit" na ita Aïcha Macky ɗin, rabin aikinsa bayan an gama kallo yake farawa.

Abin da ake samu yanzu shi ne nunin dare ɗaya: wata ƙungiya ta samu tallafi, a kafa allo, a yi jawabai, a watse. Sai kuma wata shekara. Hakan ba ya gina ƴan kallo. Shi ma Canal Olympia da aka buɗe a Yamai a 2017 yana nesa da kusan kilomita 900, kuma finafinan Amurka ne suka fi yawa a cikin waɗanda ya riƙa nunawa bayan buɗe shi.

Ba sabon gini ake nema ba. Gidan matasa da al'adu na nan, ɗakunan taron jami'a na nan. Majigi ɗaya, lasifika, batir ko janareta saboda ɗaukewar wuta, sai mutum guda da aikinsa shi ne ya tsara jadawali ya kuma nemi izinin masu finafinan. A sa kuɗin shiga kaɗan, ko da dala ashirin ne, wani kaso ya koma ga mai fim, don kada a maimaita zaluncin satar fasaha da sunan raya al'ada. Tsofaffin finafinan da ke cikin Zabarmanci ko Faransanci kuwa, garin da matasansa suka saba da fassarar Indiya ba zai rasa wanda zai ɗora musu muryar Hausa ba.

Wannan abu ne da ma'aikatar magajin gari da hukumar al'adu ta jiha za su iya sa wa hannu a zama ɗaya. Wahalar tana wajen ɗorewa: a yi kowace Asabar, ko mutum goma ne suka zo a watan farko.