Abin Da Ke Cin Hanyar Maiduguri Zuwa Gamboru

'Yan Arewa mazauna Kudu masu jiran shanu da wake daga Barno sun san lalacewar hanya kan ƙara wa kaya tsada. Hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamboru ta daɗe da wannan ciwo, kuma an saba ɗora laifin a kan kwalta da manyan motoci.

Amma injiniyoyi sun ce asalin ciwon yana ƙarƙashi. Hanyar ta ratsa baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage, sai kwaltar ta bi ta.

Akwai awon da ke tona wannan: a danƙare ƙasar, a jiƙa ta kwana 4, sa'an nan a duba kumburinta da ƙarfinta. Bincike ya nuna cakuɗa ta da siminti ko farar ƙasa yakan rage kumburin. Tun 1978 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi.

Ilmin dai akwai shi. In aka shimfiɗa kwalta ba awo, kuɗin talakawa ne aka zuba wa laka.