Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure

A ƙasar Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aure ya mutu, sau da yawa uba ne ke karɓe ɗa da zarar an yaye shi, ya danƙa wa tsohuwarsa ko kishiyar uwar. Mutane sun ɗauka shari'a ke nan, alhali kuwa al'ada ce kurum.

Risala da Muhtasar, littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, uwa suka bai wa riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri bare, riƙo ya koma wa kaka ta wajen uwa. Ci da tufa da makwanci kuwa suna wuyan uba gwargwadon ƙarfinsa, ko a hannun wa ɗan yake.

Abin damuwa shi ne mata ba su cika kai ƙara ba, don kunya da shirin sabon aure bayan idda. Uban da bai sami riƙo ba kuwa yakan janye hannunsa. Ana cikin wannan ja-in-ja sai malami ya ga yaro ya bar aji, ya koma talla ko kiwo.

A 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Sakkwato, amma doka ba ta amfanin wanda bai san ta ba. To, malamai da akawuna, ku ke karanta wa jama'a takardu. Ku fahimtar da iyaye cewa saki igiyar aure kaɗai yake tsinkewa, ba ya sauke nauyin ɗa.